Sai Ashirin Ta Cika

Ni ne mai caji a gindin tsamiya,
bakin hanyar da ke zuwa Gujungu.
Farantin sola biyu a kan rumfa,
wayoyi kwance a tebur kamar kifi a faifai,
kowacce da jelarta a soket.

A aji uku na bar boko.
Bakwai da takwas ne suka kore ni,
su da tsumagiya.
Har yau in aka ce lissafi
bayana ke amsawa kafin bakina.

Wata Talata Malama Hansatu ta zo
da allo mai fuskar gilashi,
kusurwa ɗaya a fashe, an liƙe da salatif.
Ta ce, "Nomau, ajinmu ba wuta,
ara mana inuwa da soket guda."

Yara huɗu, allo ɗaya.
A ciki akwai kogi, akwai kwalekwale,
akwai buhunan gero, kowanne da lamba a ƙirji.
Kowa zai ɗora nasa.
Sai ashirin ta cika cif jirgi zai tashi.
In ta gaza, ba ya motsi.
In ta wuce, ruwa ya ci.

Sabi'u ɗan mai shayi, hannu kamar walƙiya,
tara yake dannawa,
shi dai babba, shi dai a gaba,
sauran ma kowa ya danno son ransa.
Sau uku jirgi na nutsewa,
sau uku wani kwaɗo a gilashi yana musu dariya.
Iro ya rantse zai kai mari.
Malama ko kai ba ta ɗaga ba,
gyaɗarta take ɓarewa.

Sai Barira, wadda ba a jin muryarta
in ba awaki take kira ba,
ta ce, "Ku tsaya.
Kai tara, Iro shida, sha biyar ke nan.
Biyar ta rage mana.
Lantana, ɗauki uku, bar mini biyu."

Jirgi ya ƙetare.
Ihu ya watsa zabin da ke kiwo bayan rumfa.
Sabi'u ya daɗe yana kallon biyun nan,
'yar lamba mai wuyan agwagwa
da ta riƙe masa tararsa a kan ruwa.

Da marka ta sauka,
kwana uku rana ba ta leƙo ba.
Batir ya mutu, allo ya yi baƙi ƙirin.
Na ce yau dai an huta.
Ina!
Suka ja layi biyu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kogi ke nan.
Sakaina ta zama jirgi,
ƙwallon aduwa ya zama buhu,
Auta da bai isa shiga aji ba
aka ba shi aikin kwaɗo.

Shekaranjiya Barira ta leƙa littafin bashina.
"Kawu, Mati mai baro, caji bakwai,
hamsin-hamsin, ka sa ɗari uku?"
Na ce haka ne.
Ta jera tsakuwa bakwai, ta haɗa su bibbiyu.
"Ɗari, ɗari, ɗari.
Wannan ta gefe fa, wa ka bar wa?"
Wata nawa ina barin ta a gefe,
Allah kaɗai ya sani, sai ko Mati.

Yau Lantana na kwance da zazzaɓi,
gurbi ɗaya ba kowa.
Malama ta dube ni.
Na goge hannu a riga, na tsuguna.

Iro ya sa bakwai. Sabi'u ya sa takwas.
Tsofaffin maƙiyana, a jirgi ɗaya.
Barira ta ƙara biyunta.
Bayana ya ɗaure, yana jira.

Ba abin da ya sauka.
Sai muryar Sabi'u a kunnena, ƙasa-ƙasa:
"Ƙirga da yatsu, Kawu, ba sauri.
Ba ya tashi sai da kai."

Na ƙirga. Na sake ƙirgawa.
Na miƙa yatsa, yana rawa,
wajen uku.